Layin da Aka Share wa Kawu

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa nake zaune ina yi masa girki. Direban babbar mota ne kafin ciwon ido ya rufe masa gani gaba ɗaya. Mutane suka ɗauka ya zauna ke nan. Ina! Sai ya koyi saƙar kujera da igiyar roba, ya samu gefen rumfar wani kafinta a ƙarshen layinmu, kullum da safe ya tafi da ƙafarsa. Abu ɗaya ne ba a yi masa: kama hannu. Na taɓa gwadawa ina sabuwar zuwa, ya make min yatsu. "Ke 'yar nan, ido na rasa, ba ƙafa ba."

Layin namu ƙazami ne, ban musa ba, amma tarkacen nan su ne idon Kawu. Yana fita sandarsa za ta doki mataccen injin mota da ya shekara a ƙofar maƙwabcinmu, ya san lokacin karkata dama ya yi. Sai kututturen bishiya. Sai wani langalanga da ya ɓalle daga katangar mai wanki, iska kaɗan ta taɓa shi ya yi ƙara. Nan kwata take, an rufe ta da tsohuwar ƙofar firji. Ya taka ya wuce, yana tsokanar mai wanki wai ya ji warin ƙuna, rigar wa aka halaka yau?

Sai ga 'yan koriyar riga. Ƙungiyar taimakon al'umma ce ta masu shaguna da ma'aikata, suna taro a zauren wani otal, har da 'yar ƙararrawarsu. Shugabansu mai kantin magani ne, mutum mai tumbi da murmushin da ba ya gajiya. Sun gyara famfon makaranta, wannan na ba su. Amma ba sa tambaya. Sai dai ka wayi gari ka ga sun auko maka da alheri, mai hoto na biye da su.

Ranar da suka zo shara Kawu na kwance da zazzaɓi. Na leƙa na ga ƙarti sun ɗaura wa injin igiya suna ja. Na fita ko mayafi ban gyara ba.

"Yallaɓai, don Allah a bar wannan. Da shi Kawuna yake gane hanya."

"Haba baiwar Allah," in ji shugaban, "ai don irin su Baba muke yi. Kada ya yi tuntuɓe."

"Bai taɓa tuntuɓe ba!"

"To yanzu ma ba zai yi ba." Ya juya wa mai hoto fuska, ya riƙe shebur yadda ake riƙe jariri. Wallahi da na samu dama da na karɓe shebur ɗin na nuna masa amfaninsa.

Kafin la'asar sun tumɓuke kututture, sun buga wa langalanga ƙusa ya yi shiru, sun ɗage ƙofar firji sun yashe kwatar har ƙasa. Murfin siminti wai sai mako mai zuwa. Suka tafa wa kansu, suka shiga motoci.

Na faɗa wa Kawu komai, na ce ya bari in raka shi ko sau ɗaya. Ya yi tsaki. "Layin da na sani tun ba a haife ki ba?" Da ya ji sauƙi, ina banɗaki ya sulale. Sandarsa ta nemi injin, babu. Mai wanki ya ce ya hango shi tsaye yana karkata kunne, yana jiran ƙarar langalanga. Kafin ya ajiye dutsen guga ya ruga, Kawu ya riga ya afka cikin kwatar. Ƙashin ƙugu ne ya karye.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Sun dawo. Bayan an sallamo shi daga asibiti suka cika mana tsakar gida da koriyar riga, sun turo keken guragu sabo fil, sunan ƙungiya rangaɗau a bayansa.

"Baba, yanzu sai hutu," in ji shugaban. "Duk inda kake so a tura ka."

Kawu ya shafa keken sama da ƙasa, ya ce, "Ku mayar min da injina."

Suka kwashe da dariya, wai Baba akwai barkwanci. Ni ban yi ba. Na ɗaga labule na ce su fita, da su da mai hotonsu. Ina jin wata a cikinsu tana cewa wasu mutane ba su san godiya ba.

Ƙashin ya ɗinke, yana iya takawa. Murfin siminti ma ya zo daga baya, layi ya yi sumul kamar faranti. Kafinta ya aiko cewa kujeru na jiransa. Ranar da ya shirya komawa aiki ya sa hularsa, ya ɗauki sanda, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya buga dama, ya buga hagu, sandar ba ta samu komai ba. Ya daɗe a tsaye.

"'Yar nan," ya ce, bai juyo ba. "Kina kusa?"

Ya miƙo min hannu.