Maharazu da Yawun Kaska

Da an sallame sallar asuba za ka jiyo tsohon babur ɗinsa a bakin kanal ɗin noman rani, ya taso daga Bunkure. Malam Maharazu ke nan, malamin dabbobi, wanda ya ajiye aiki watan jiya bayan shekara talatin da biyar. A jakarsa akwai hantsaki da 'yan kwalabe da wani bututun roba mai raga a tsakiya. Zai nemi izinin maigida ya shiga turaka, ya sa bututun a baki, ya riƙa zuƙe sauron da ya ƙoshi ya lafe a bango. Daga nan ya wuce ruga, ya durƙusa gindin shanu yana cire kaska da ranta, ba ya yarda ko ɗaya ta fashe.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai ga haka bai yi zargi ba? Ni ne ma kan gaba. Wata rana a teburin mai shayi na tambaye shi abin da yake yi da ƙwarin nan, sai ya ce, "Yawunsu ake nema."

Da ma ya yi shiru. Mutum yana zuƙa a ɗakin mutane, kuma yana zancen yawu? Kafin la'asar an gama yanke masa hukunci: maye ne.

Ya yi bayani har ya gaji. Ya ce sauro da kaska ba sa shan jini sai sun fara tofa yawu a cikin fata. Yawun ne ke hana jinin daskarewa, ya kashe zafin cizon, ya shagaltar da garkuwar jiki, sai ƙwayar cuta ta bi ta wuce abinta. Ya ce masu bincike a jami'a suna gwada rigakafin da zai koya wa jiki gane yawun kansa, shi ya sa yake aika musu ƙwarin a kula mai ƙanƙara. Na ce a raina, sauro har wani yawu gare shi? Na koma gida na hana a ba shi ruwa a moɗarmu. Idan ya zo, sai a zuba masa a wani fasasshen kofi da muka ware. Ya gani sarai. Yakan sha ya ce an gode.

Ana nan sai Lukmanu, ƙanin Baballe makiyayi, ya kwanta zazzaɓi mai zafi bayan Maharazu ya je rugarsu. Cikin sambatu ya ambaci sunan Maharazu sau biyu. Shi ke nan, aka tare shi a hanya aka kai shi rugar, ni ma ina cikin masu rakiya. Baballe ya ajiye ƙwarya da ruwa, ya ce Maharazu ya tofa yawunsa a ciki a ba marar lafiya, sannan ya tsallake shi sau uku, kamar yadda ake sa maye ya saki kurwa. Idan ya tofa, ya amsa sunan ke nan, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Idan ya ƙi, ga sanduna a hannun mutane.

Bai dubi ƙwaryar ba. Ya roƙi a bar shi ya duba marar lafiyan tukuna. Ya bi hammata, ya bi bayan kunne, ya tura yatsa cikin gashin ƙeya, sai ya tsaya. Kaska ce ta kafe kai, ta kumbura kamar ƙwayar wake. Baballe ya ɗauko garwashi zai ɗana mata yadda suka saba, Maharazu ya riƙe masa hannu, ya ce wahalar da ita na iya sa ta ƙara juye abin bakinta a jiki. Ya kama ta da hantsaki dab da fata, ya zare ta a hankali, ya ɗaga kowa ya gani.

"Ga mai yawun da kuke nema," in ji shi. "Ku ɗora mini Lukmanu a babur."

Kwana tara Lukmanu ya yi a asibiti ya dawo da ƙafarsa. Duk da haka akwai masu cewa tsoro ne ya sa Maharazu ya sake shi. Halin mutanenmu sai su.

Malam Maharazu, kai ne ka yi haƙuri da ƙwaro ka yi haƙuri da mutane. Kai ne aka ware wa kofi, washegari ka dawo ka duba mana akuya. Zargina bai ƙare ba, wurinsa kawai ya sauya. Rigakafin har yau ana gwaji, kuma na ga wata takardar bincike da sunayen manyan likitoci jere, na duba sama da ƙasa ban ga naka ba. Ina nan na zuba ido in ga ko idan allurar ta fito za ta san hanyar rugar Baballe.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wanda aka turo a madadinka kuwa, jama'a, ku buɗe masa turaka, ku tambaye shi, ku kuma tsaya ku ji amsar har ƙarshe.

Ran Juma'a Maharazu ya biyo ta ƙofar gidana yin sallama. Na shiga da kaina na ɗebo ruwa a moɗata na miƙa masa. Ya dubi moɗar, ya dube ni, ya sha rabi. Na karɓa a gaban mutane na shanye ragowar.