Wa'azin Inna da wayar da ba ta da rami

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan babban yayanmu ba. Shi ne ɗan farinta, kuma a gidanmu na ƙauyen Kashin Zama kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Da ya koma Fatakwal sayar da albasa kuwa sai ya zama "mutumen Kudu". In ya zo gida ya durƙusa yana gaishe ta, tukunya take kallo tana amsawa, sai ka ce tukunyar ce ta sha doguwar tafiya. Akwai wani mai tallan manja da ya ci sunan Yaya, Inna ta gwammace ta yi miya ba mai da ta ɗaga murya ta kira shi. Ni auta, da aka bari bakina ya yi tsawo, na sha ce mata, "Inna, anya ke kinka haihe shi?" Amsar kullum ɗaya ce, ta jefe ni da abin da ke hannunta.

Bayan carbinta, ba abin da Inna ke ji da shi kamar wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da iyafis ɗinta mai igiya na sawa a kunne, wanda asalinsa fari ne amma ya koma ruwan ƙasa. Yaya ne ya kawo ta wani zuwa da ya yi. Ya ajiye a bakin tabarma bai ce tata ba ce, ita ma ba ta ce ta gani ba. Tun daga nan, kullum da hantsi sai ta zura igiyar ta ƙarƙashin hijabi, ta toshe kunnuwanta, ta zagaya bayan rumfar da muke ajiye albasa. Ta ce mana wa'azi take ji, mu kuma muka yarda. Wata rana ta dawo idanunta sun yi ja, mu ce lallai malamin nan ya iya taɓa zuciya.

Ina gidan mijina a Jega Yaya ya kira ni, ya ce direban da ke kai masa albasa zai kawo mini saƙo ranar kasuwa. Da na buɗe kwalin sai ga waya sabuwa dal, siririya, baƙa tana sheƙi. Ya ce ta Inna ce, waccan batirinta ya kumbura. Na karɓo tsohuwar, na kai su duka biyu wurin wani mai gyaran waya a Aliero ya juye mata komai cikin sabuwar. Kamar jira take, ana gamawa tsohuwar ta mutu, ba ta sake farkawa ba.

Na kai wa Inna ina ta rawar kai. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ko kalli fuskar wayar ba. Ta juya samanta, ta juya ƙasanta, ta shafa gefe da gefe da babban yatsa, iyafis na jira a ɗaya hannun.

"Ke, ina raminta?"

Na yi dariya na ce ido ne ya fara tsufa. Na karɓa na duba. Na cire rigar wayar na sake dubawa. Na fita tsakar gida inda haske yake, har tsinken tsintsiya na sa ina laluben ko an liƙe shi da wani abu. Babu. Ramin caja kaɗai ne, shi ma shafaffe, bakin iyafis ba ya shiga. Na zaci an cuci Yaya an sayar masa da wadda ba a gama ƙerawa ba.

Inna ta ce, "Ko sun mance ba su huda ba?"

Washegari na koma Aliero da faɗana a baki. Mai gyara ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, manyan wayoyi yanzu haka suka zakuwa. Da gangan anka cire shi."

Da gangan! Abin al'ajabi, kare da tallan tsire. Wato mutane masu hankali suka zauna, suka dubi ɗan ramin da bai kai ƙwayar dawa ba, wanda bai ci musu komai ba bai sha musu komai ba, suka ce shi ne ya tsare wa duniya ci gaba. An ƙera buta an hana ta hanci, kuma wai ita ce ta manya. Na tambaye shi ko zai iya huda mana da kansa, ko da ƙusa mai zafi ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa da gaske nake.

Ya nuna mini wasu 'yan ƙwayoyi marasa igiya da ake cusawa a kunne. Na kai wa Inna ta gani, ta ja da baya. "Wanga abu in yash shige kunne, da mi za a jawo shi?" Kuma su ma sai an yi musu caji, mu da wayar kanta sai rana ta buɗe muke samun wutar sola mu ɗora ta. Sai muka koma ga adafta, wata 'yar guntuwar igiya kamar wutsiyar ƙadangare, kai ɗaya a ramin caja, ɗayan a bakin iyafis.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Adaftar farko ko tari ba ta yi ba. Ta biyu ta yi aiki, amma rami ɗaya suke rabawa da caja, in ana caji ba ji, in ana ji ba caji. Ta taɓa ɓacewa cikin gero, Inna ta kwashe rabin yini tana tankaɗe kafin ta fito, daga nan ta ɗaure ta da zare a jikin iyafis. Ga ta kuma da sakwarkwacewa, motsi kaɗan sai murya ta ɗauke. Inna ta zama mai saurin fushi, abin da ba halinta ba. Na ce mata, "Inna, ki saki sautin kowa shi ji mana, wa'azi ai ba sata ba na, mu ma mu samu lada." Ta harare ni ta ce, "Wanga malami ba shi son taro."

Ana haka aka yi wa jikar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, suna a Maiyama. Muka tafi tare da Inna, ta sha jijjiga a kan babur, wayar na cikin lalitarta da adafta a jiki. Bayan azahar tsakar gida ya cika da mata, ana hira ana raba goro. Inna ta samu gefen katanga ta zauna. Na ga hannunta ya shige ƙarƙashin hijabi, na ga ta sa abin a kunnuwa, ban kawo komai a raina ba.

Sai muka ji muryar namiji a tsakiyar mata.

"Inna, na ji saƙonki. Ƙahwar ta yi sauƙi, har na taka yau. Kak ki sa damuwa ga ranki, don Allah."

Muryar Yaya ce. Hira ta tsaya cak. Adaftar ta zame a hanya, sautin ta bakin wayar yake fita. Inna kuwa kunnuwanta a toshe, tana jin muryar can ƙasa-ƙasa, ta ɗauka a cikin kunnenta take. Da ta ji ba ta fita sosai, sai ta ƙara sauti. Kanta a sunkuye, tana ɗan murmushin da ban san tana da shi ba.

Ya kamata in tashi in kama hannunta. Ban tashi ba. Kafin in dawo hayyacina ta danna saƙo na gaba, wanda ita ta aika da safe, don ashe takan sake saurara ta tabbatar ya tafi. Muryar Inna ta cika gidan. Ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin nan ba, ta kira shi a hankali, ta sake kira.

"Ɗana, ka ci abinci? Jiya na yi mahwarkinka kana ƙarami. Ka shahwa man da nic ce maka. In ban ganin ka, muryakka ta ishe ni."

Matar da ke kallon tukunya ce wannan?

Gwaggo, wadda ba a taɓa barinta a baya wajen magana ba, ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ashe wanga na malamin!"

Gida ya kaure da dariya. Inna ta ɗago ta ga duk idanu a kanta. Ta cire iyafis daga kunne, muryarta ba ta tsaya ba. A nan ta gane. Ta shiga danne-danne, ta kasa kashewa, ta cusa wayar ƙarƙashin tabarma ta danne da gwiwa, muryar na fitowa ta nan ma. Sai a lokacin na rarrafa na kashe ta.

Ba dariyar mugunta suka yi ba, har na ga wata tsohuwa na share ido da gefen zani. Amma Inna ba ta jira tuwon suna ba. Da muka isa gida ta sa wayar da iyafis da adafta a ƙasan kwalla, ta jera sauran kwanoni a kai.

Kwanaki suka wuce, sai ga kiran Yaya. Muryarsa ba daɗi. Ya ce ƙafar da buhun albasa ya faɗo wa ce ta sake kwantar da shi. Sannan ya ce, "Auta, lahiyar Inna? Mi niy yi mata? Tun da nib bar wayac can bakin tabarma, rana ba ta taɓa hwaɗuwa ban ji ta ba."

Na gaya masa abin da ya faru. Sai ya ce, "Garin gyaran gira na rasa ido." Namiji babba, mai 'ya'ya, na ji muryarsa ta karye. Tsoro ya kama ni, don na san Inna. In kunya ta rufe mata baki, tana iya tafiya kabari da shi a rufe.

Ranar kasuwar Jega na bi rumfunan masu waya ɗaya bayan ɗaya. Suna yaba mini kyamara da faɗin fuska, ni ina juya gindin waya ina tambayar rami. Wani ya ce, "Hajiya, waya kika so ko rami?" Na ce rami. Na samu wata mai kauri, ba kyau ba sheƙi, amma da na tura bakin iyafis sai na ji ya ce ƙas, ya zauna daram. Na roƙi Inna layinta da sunan za a yi rajista, ta ce in ɗauka har da wayar, ita ta gama da su. Aka juye komai a Aliero. Na kawo na ajiye a bakin tabarma ban ce tata ba ce, ita ma ba ta ce ta gani ba.

Na kwana a gida. Da hantsi ina wanke-wanke ta kira ni bayan rumfar albasa. Wayar na hannunta. Ta tura iyafis, ta ja shi ta ga bai fita ba, ta girgiza wayar, ta sake ja. Sannan ta sa a kunne ɗaya, ta bar ɗayan a buɗe, ta danna tana kallon fuskata.

"Kina jin wani abu?"

"Ban jin komi, Inna."

"Matso kusa."

Na matso har kafaɗarmu ta haɗu. Tsakani da Allah ban ji komai ba, sai dai na ga idonta ya ciko. Saƙonni ne suka taru mata tun ranar Maiyama.

"To, tahi ki ƙare aikinki."

Na juya. Ban kai bakin zana ba na ji ta gyara murya, irin ta mai shirin kiran wani. Iyafis yana ɓoye abin da ke shiga kunne, ba ya ɓoye abin da ke fita baki, ga kuma matan maƙwabta sun fara shigowa ɗibar wuta. Na ruga tsakar gida na ɗauki taɓarya, na shiga daka da duk ƙarfina har ta gama. Ba komai a cikin turmin.