Gilashin Walda a Ɗakin Bakwaini

Shekara da shekaru ina riƙe da ƙorafi guda a kan mutanen asibiti: ba sa amsa tambaya. Ka tambaye su me ke damun naka, su dubi takarda, su dubi juna, su yi Turanci ta saman kanka kamar kai turmi ne aka ajiye. Da jikana na fari ya rasu a cikin kwalba, bakwaini, naɗe aka miƙo min shi a zani, aka ce, "Sai haƙuri, Baba." Haƙuri na san shi tun ba a haife su ba. Ni abin da na tambaya, me ya kashe shi? Na yi sintiri har masu gadi suka gane tarina, ba wanda ya faɗa min. Mutum ɗaya ce ta taɓa amsa min a gidan nan, ita kuma Allah ya ɗauke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, likitar jarirai ta rasu a hatsarin mota, tana hanyarta ta zuwa aiki. Ban yi boko ba. Surukina ne ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara min ko kalma ɗaya.

Likita, kin tuna haɗuwarmu. 'Yata ta sake haihuwa wata bai cika ba, mace wannan karon, duk girmanta bai wuce tafin hannuna ba. Na tsaya a bakin ɗakin bakwaini ina faɗa da nas, kika fito da abin awo rataye a wuya. Na ce a kira min babban likita. Kika ce, "Baba, ni ce. In ƙarami kake so, sai na aika a nemo." Kika jawo min kujera, abin da ba a taɓa yi min ba a nan.

Kika nuna min hoton da aka ɗauka ta maɗigar yarinya. Kika ce jijiyoyin kan bakwaini sun fi gashi siranta, ba su gama nuna ba, ɗan motsin jini sai ɗaya ta tsage, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Na ce to na farin fa? Kika ce ba ki gan shi ba, ba za ki rantse ba, amma da alama hanya ɗaya ce. Amsar da na yi shekaru ina bi ke nan, kika ba ni ita kafin shayin nas ya huce.

Sannan kika yi maganar na'urar haske. Ɗan jan haske ne, leza mara ƙarfi, ana ɗora shi a kan jariri na ɗan lokaci kullum, ko Allah zai sa wurin da jini ya ɓata ya farfaɗo. Ba ki yi min daɗin baki ba. Kika ce gwaji ne, ba a tabbatar ba tukuna, sai iyaye sun yarda. Iyaye suka yarda. Ni na ƙi. Ni mai walda ne, na tsufa a gaban haske, na san abin da yake yi wa ido. Na sha kwana idanuna kamar an zuba yashi. A haska jaririyar da fatarta ta fi ta albasa laushi?

Na koma rumfa, na cire baƙin gilashi daga garkuwar waldata, na yanka ƙanana biyu, na goge bakinsu da dutse har suka daina kaifi, na ba mai gyaran takalmi ya ɗinka su a kan roba. Na kawo asibiti a aljihu. Nas-nas suka yi dariya har ɗaya ta dafa bango. Ke ba ki yi ba. Kika juya shi a hannu kika ce, "Aikin ya yi kyau, Baba, amma ya fi kan amaryarka nauyi." Kika nuna min ƙyallen da kuke rufe musu ido da shi. Kika ce in miƙo hannu, kika kunna hasken a bayan hannuna, a kan tabon ƙuna. Na jira zafi, bai zo ba. Har yau ina ganin gilashina ya fi ƙyallenku, amma na bari. Kika rataye shi a jikin na'urar, kika ce shi ne mai gadi.

Daga ranar, in kin hango ni ta taga sai ki ce, "Ango ya zo duba amarya. An wanke hannu har gwiwa, ko in kore ka?" Ki faɗa min nawa ta sha, ko ta yi kuka, ko ta kama yatsar uwarta. Ranar da ba daɗi, ki ce ba daɗi. Na ga kin cire rigar sanyinki kin yafa wa 'yata a kan benci. Na ga kin zauna a ƙasa kusa da wata da nata ya tafi, kin daɗe ba ki tashi ba.

Ga abin da ya biyo bayanki. Washegarin jana'izarki aka lulluɓe na'urar da farin ƙyalle, aka tura ta lungu. Wai izinin gwajin da sunanki yake, sai kwamiti ya zauna. Kullum safiya nas na zagaya kan amarya da tef, ta rubuta, ta kauce wa idona. Ba na karatu, amma na yi rayuwata ina awon ƙarfe, na ga inda babban yatsanta ke tsayawa, kullum gaba yake yi. Maɗigar ta tasa. 'Yata ta daina tambaya, tana tatsa kawai tana miƙawa. Ban ce haskenki ne zai cece ta ba, ke ma ba ki ce ba. Ƙila da shi da babu duk ɗaya. Ƙila na riga na san irin zanin da za a miƙo min. Amma da kina nan, da kin faɗa min da bakinki.

Allah ya jiƙanki, Likita. Ya haskaka kabarinki, ya sa jariran da suka riga ki tafiya daga hannunki su tarbe ki a ƙofa. Ina yi wa mahaifiyarki ta'aziyya, da maigidanki, da yaranki da kika riƙa bari kina zuwa wa namu. Allah ya ba ku dangana, ya raya abin da ta bari.

Ku kuma na ofishin sama, masu kujera mai juyi: ba alfarma nake roƙo ba. Na je ƙofarku, an ce kuna taro. Na koma, an ce kun tashi. Ɗayanku ya sauko, ya wanke hannu har gwiwa, ya tsaya gaban kwalbar jikata, ya faɗa min da Hausa: za a kunna, ko ba za a kunna ba? In kuma lokaci ya riga ya ƙure, ku faɗa, ku ciro min gilashina daga ƙarƙashin ƙyallen nan. Ina kan benci. Wannan karon ba zan karɓi "sai haƙuri" ba.