Minti Goma Sha Ɗaya da Kawu Isuhu a Sama

Duk wanda ya taɓa jerawa da Kawu Isuhu a titin Abu Hail na Dubai ya san ba ya kallon gabansa, sama yake kallo. Sau biyu ina fizgo shi daga gaban mota, shi ko a jikinsa. Sai ma ya nuna mini wani ɗan girgije ya ce, "Ka ga wancan? Zai ɗaga mutum biyu har da takalmansu."

Kun san dai ranakun aiki yana ofishin kaya, Asabar kuma yana can cikin sahara, a kulob ɗin masu tuƙa jirgin da ba shi da inji. Wani jirgin ke jan ka da igiya ya sake ka a sama, daga nan sai ka nemi iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ta riƙe ka. Matarsa ta taɓa cewa, "Malam, mutane na neman inji biyu, kai ka zaɓi babu?"

Ya ce, "Hajiya, tunda nake inji bai taɓa mutu mini ba."

Motarsa kuwa ba a kunna esi. A zafin Dubai fa! In ka yi ƙorafi ya ce, "In rufe gilas? To in iska ta juya kai za ka gaya mini?"

Da idonsa ya yi rauni, likita ya ce ba zai sabunta masa takardar tashi ba. Asabar ɗaya ta rage masa, kuma awa ɗaya rak yake so a sama. Cikin duk dangi ni ɗan ƙanwarsa ya zaɓa in tashi da shi, da sharaɗin kada in ci komai kafin mu tashi. Ni kuwa na zauna na share faranti guda na shinkafar biryani, na goge baki.

Ranar ta zo da hazo, iska ta mutu murus. 'Yan kulob suna inuwa suna shan shayi, wani ya ce masa khalas, shi ke nan, yau ba ranar tashi ba ce. Kawu ya ce, "Akwai iska, rowa kawai take yi. Yalla, Bala, shiga."

Aka sake mu. Muka yi ta kewaye wuri ɗaya, mu hau taku ɗaya mu sauko biyu, yana lallashin jirgin kamar mai tura akuya kasuwa. Can ya hango shirwa tana shawagi ya bi ta. Na ji kujera ta fara tura ni sama, amai kuma ya taso mini.

"Kawu, don girman Allah sauke ni!"

"Ɗan daure, Bala, yanzu muka kama ta."

"Wallahi mutuwa zan yi!"

Na zaci gardama zai yi, mutumin da bai taɓa sakar wa kowa magana ba. Sai kawai ya karkata hancin jirgin ƙasa. Minti goma sha ɗaya muka yi.

Shi da kansa ya wanke kujerar. Ya dubi shinkafar da na amayar ya dube ni ya ce, "Ashe mu uku muka tashi."

Na yi dariya, ban ce masa ya yi haƙuri ba. Na yi ta cewa sai na sami lokacin da ya dace, har ranar da muka sallace shi. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya yafe mini awar da na cinye masa. Amin.