Ƙibar Karyar Surukina

Ni dai tun asali ba na son kare, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A cikin Birnin Damagaram aka haife ni, gidan dukawa, inda in kare ya shinshini kwano sai an wanke shi har da ƙasa. Sai ga shi aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Guna, gidan mafarauta, inda ake tambayar lafiyar karya kafin a tambayi ta matar ɗa.

Surukina tsohon mafarauci ne, ba ya da yawan magana sai an taɓo zancen kare. Yana da wata jar karya mai dogayen ƙafafu da siririn baki, wadda ya gaji irinta daga hannun mahaifinsa. Ba na zama kusa da shi saboda kunya, amma zana ba ta tare magana, don haka karatunsa na kare duk ya shiga kunnena ina bakin turmi. In zai zaɓi kwikwiyo sai ya kama fatar wuyansa ya ɗaga shi sama. Wanda ya yi tsuwa ya bar wa yara, wanda ya yi shiru ya naɗe wutsiya shi ne nasa. Ba ya raba kwikwiyo da nono sai ya ga ya fara bin uwar zuwa rijiya. Kunun dusa yake dama musu da ɗan kanwa saboda tsutsar ciki, ya goga musu toka mai ɗumi saboda ƙuma, kaska kuwa ya cire ta da hannu ya jefa a wuta. Ɗanyen nama ba ya shiga bakin karensa.

Babbar dokarsa ita ce hannu ɗaya. Karensa ba ya cin komai sai abin da ya fito daga hannunsa shi kaɗai. Tun kwikwiyo na ƙarami zai sa wani baƙo ya jefa masa nama da aka cusa wa barkono, ya ci ya yi ta birgima a ƙasa, a sake, a kuma sakewa, har ya gane cewa duk abin da ba na maigida ba wuta ne. Ya ce hakan na da amfani biyu. Ɓarawo ba ya samun hanyar ba shi guba, kuma in ya kama zomo zai kawo shi cif, bai taɓa ko kunne ba, yadda malamai suka ce shi ne ya halatta. Na sha gwada jar karyar nan da ƙanzo don in ga ko cika baki ne. Kallona take yi kamar yadda ake kallon mai tallan da aka san mudunta bai cika ba, ta kau da kai.

Shekarar babban fari, gero bai ko yi bunni ba ya bushe a tsaye. Mijina ya bi sauran maza zuwa Kano cin rani. Kafin ya tafi ya sussuke ƴan zangarniyoyin da muka ajiye na iri, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne ƙarƙashin gadona. Daga ni sai shi sai mahaifinsa muka sani. Ya ce mini duk wuya kada in taɓa, don in ruwa ya sauka babu iri, mun gama zama a garin nan. Ya bar ni da yara biyu, mace da namiji, da tsoho da karya.

Muka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta sauya ruwa kafin ɗacinta ya saki. Mata na tonon gidan tururuwa, ana sheƙe ƙarangiya. In kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo jar dawar taimako daga Damagaram, abin da ya iso hannuna bai fi in rufe da tafi biyu ba. Karnukan gari suka zama ƙashi da fata, wasu suka shiga daji ba su dawo ba.

Ita kuwa tamu sai sheƙi take yi. A tsakiyar wannan masifa ta zuba ƴaƴa, nononta cike, gashinta kwance luf kamar an shafa mata man gyaɗa. Na duba wuyan ɗana, na duba wuyan karya, raina ya ɓaci ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza. Ba ta cin na kowa sai nasa, to ke nan shi yake ba ta, kuma a ina yake samu?

Tuluna na fara zargi. Na san suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, amma na kuma san yunwa ta sa mutane sun yi abin da ya fi wannan. Na riƙa barbaɗa toka a bakin ƙofa in zan je rijiya, in dawo in duƙa ina neman sawu. Ban ga komai ba sai na ƙadangare. Zuciyata ba ta kwanta ba, na ja gado, na tone, na tarar da lakar bakin tulu yadda mijina ya bar ta har da shaidar yatsunsa. Maimakon in ji sanyi sai zargin ya sake sheƙa zuwa wani wuri mafi muni. Watakila tsohon yana da wani rumbun tsimi a daji, yana ɓoye wa jikokinsa yana ba dabba. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na yarda, amma wanda ya faɗi haka bai kwana da yara masu kukan yunwa ba.

Ba ni kaɗai ce mai ido ba. Matar ƙanin surukina, wadda tun da na zo gidan ba ta taɓa tako ƙofata ba, sai ga ta yau ɗiban wuta, gobe aron maburgi. Tana gaishe ni idonta na yawo a kan rumbu, a kan tukwane, a ƙarƙashin gado.

"Kai, ƴar nan, karyarku tubarkalla," in ji ta. "Ko a shekarar ƙoshi ban ga ta yi kyau haka ba."

"Ikon Allah ne, Inna."

"Ikon Allah kam. Ido dai ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Kwana kaɗan kafin nan mijinta ya zo neman aron gero, an ce masa babu. Yanzu ga karya tana yawo cikin gari tana ƙaryata mu da cinyoyinta.

Kullum da hantsi tsohon yakan ɗauki gora da sanda ya fita, karya na biye. Rannan na goya ƙaramin, na ɗauki igiya kamar mai zuwa itace, na bi su daga nesa. Bai nufi gona ba, ya bi burtali, hanyar da Fulani suka kora shanunsu kudu suna zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Wari ne ya fara tarye ni. A wani kwari bayan duwatsu na hango shi durƙushe gaban wata saniya da ta faɗi, yana korar ungulu da sanda, yana yanko naman cinya. Ya hura wuta, ya dafa a wani tsohon gwangwani har ya yi laushi, ya bari ya huce, sannan ya riƙa miƙa mata loma-loma. Ita kuwa tana zaune tun farko, ga mushe gabanta, ko shinshina ba ta yi ba. Da ya gama ya goge hannunsa da yashi, ya goge, ya sake gogewa.

Goyona ne ya tona mini asiri da tari. Tsohon ya waiwayo. Na durƙusa, shi kuwa ya kau da ido.

"Kin gani ke nan, ƴar nan."

"Na gani, Baba."

"Ban taɓa kai ko tsoka guda gida ba. Ban kuma taɓa sa shi a bakina ba, Allah ne shaida."

"Na sani, Baba."

"Ke kin sani. Su fa? In aka ji ina yankan mushe, ba za a ce na kare ne ba. Za a ce gidan wane mushe suke ci. Ƴarki za ta girma da wannan sunan, babu mai aurenta." Ya shafa kan karyar. "In ta shayar da waɗannan suka tashi, irin bai yanke a hannuna ba. Shi ke nan abin da nake nema."

Na ji kunya, na ji tausayi, kuma duk da haka haushin bai tafi duka ba, don a ganina wannan wahala da an yi ta wajen tonon tururuwa da ta fi. Na yi shiru da bakina. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma gari bai yi shiru ba. Bayan sallar Juma'a ƙanin nasa ya zo da dattawa biyu, suka zauna a zaure, ni ina bayan zana ina ji.

"Yaya, magana ta yi yawa. Jikata ta rasu jiya, ka je jana'iza. Mutane na cewa gidan da ake ƙosar da kare bai rasa hatsi ba. In akwai, a fito da shi a raba, jini ɗaya muke. In babu, a bar mu mu duba, bakin kowa ya mutu."

In suka duba, ƙasar ƙarƙashin gadona sabon tono ce, ko makaho ya taka ya sani, kuma ni na tone ta da hannuna. Tulun nan in aka raba shi ba zai kai gari kwana biyu ba, mu kuwa mun rasa damina.

Tsohon ya ce, "Ɗakin matar ɗana ba mai shiga mijinta ba ya nan. Karya kuwa ɓeraye da ƙadangaru take kamawa a daji. Zan ɗaure ta a ƙofar gida inda kowa ke wucewa. In hatsi nake ba ta, za ku gan ta yadda take. Ku zuba ido."

Mai wayo zai ce ai sai ya daina ba ta hatsin kawai. Amma duk garin sun san shi. Sun san in yana da tsaba ɗaya a gidan, ba zai iya kallon karyar nan tana ramewa ba. Don haka haƙarƙarinta ya fi rantsuwa ƙarfi.

Aka ɗaure ta a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, ƴaƴanta na tsotso. Mai shayarwa ba ta da wuyar zubewa. Mutane suka mayar da ƙofarmu hanya, kowa ya zo wucewa sai ya rage tafiya ya ƙirga ƙashi. Tsohon yana zaune nesa kaɗan, yana ba ta abin da ya kankaro daga kwanonsa na anza, ita kuma tana lasa tana kallon burtali. Ba ya iya fita daji, don ɗan ƙaninsa na biye da shi duk inda ya sa ƙafa, ga ƙafafun tsohon ma sun fara kumburi. Nononta ya ƙafe. Kwiyakwiyan suka riƙa mutuwa, yana ɗauka yana binnewa bayan gida, har saura ɗaya. Matar nan ta daina zuwa ɗiban wuta. Zancen duba ɗaki ya mutu.

Da ya ga hankalin mutane ya koma wani wuri, sai ya kwance ta da safe ya kai ta bakin gari. Ya nuna mata burtali, ya ce ta tafi. Ta tsaya. Ya ɗaga mata sanda, abin da bai taɓa yi ba, ta tafi tana waiwaye. Ya dawo yana cewa, kamar da kansa yake, "Yunwa za ta koya mata. Ko wane kare ne, in ya ga nama zai ci."

Ba ta dawo ba ran nan, ba ta dawo ba washegari. Ya ce in je in duba, tun da ni ba a bin sawuna. Na same ta a kwarin nan bayan duwatsu. Wata sabuwar saniya ta faɗi, ungulu sun rufe ta, ita kuwa tana kwance gefe, daidai inda ta saba zama, kanta bisa ƙafafunta, fuskarta wajen gari. Tana numfashi sama-sama. Ni ƴar Birni, wadda ke wanke kwano da ƙasa, na kori ungulu, na yanko nama, na dafa a gwangwaninsa, na hura ya huce, na kai mata har baki. Na roƙe ta. Na kira ta da muryar da yake kiran ta. Ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon nan nata na da, ta kau da kai.

Da na koma na durƙusa na gaya masa ta ƙi ci har ta mutu a gabana. Ya shiga ɗaki, bai fito sallar azahar a masallaci ba.

Ruwa ya sauka a daminar da ta biyo, mijina ya dawo, muka fasa tulu muka shuka. Amma tun kafin nan, a yammacin ranar da na dawo daga kwari, tsohon ya fito da kwikwiyon da ya rage a tafin hannunsa, ɗan abu kamar ɓera. Ya dama ɗan kunun dusa a kasko. Na zaci zai kai shi bayan ɗaki yadda ya saba, inda ba mai gani. Sai ya ajiye kaskon a tsakar gida, ya kira ni, ya kira jikokinsa.

"Ke fara ba shi, ƴar nan," ya ce. "In kin gama ki miƙa wa yaran. Duk wanda ya shigo gidan nan ma ya ba shi."