Alif da Ruwan Rijiyar Makango

Salamu alaikum. Wata biyu ke nan ban ce uffan ba a nan, har wasu sun ɗauka na koma Yendi wajen iyayena. A asibiti na kwanta. An tsaga mini ciki, an ɗinke hanjina.

Lokacin da tafki ya cika ya shigo Makango, ina can na je sarin kifi. Hanya ta yanke, na maƙale a gidan ƙawata Azumi kwana tara. Ruwa ya shanye masai, ya shanye rijiyoyi, duk ya haɗe.

Kullum da safe wata 'yar jarida a rediyo tana nanata magana ɗaya: ta tambayi ma'aikatan lafiya, sun ce kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa. Mu kuwa itacenmu duk ya jiƙe sharkaf. Haushinta nake ji. Na ce tana zaune a ɗaki mai sanyi tana ba mu oda.

Sai ga bidiyon wani mai shafi da duk muke bi. Ba zan kama sunansa ba, bai kai ba. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya kaɗa alif a bokiti, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, ya kai kofi baki.

"Jama'a, ku bar 'yan rediyo," in ji shi. "Kakanninmu alif suka sani."

Da alif muka tashi, shi ya sa ban yi gardama ba. Na sha har na ƙoshi.

Kwana goma da dawowata Salaga zazzaɓi ya fara. Na ce sauro ne, na haɗiyi ƙwayoyi na ci gaba da kasuwa. Sati biyu ina ciwon kai, abinci ba ya shiga. Wata Talata ina jera kifi a tire, cikina ya soke ni, ya yi tauri kamar katako.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya ce, "Maame, taifot ne, ya huda hanji. Wane ruwa kika sha?"

Na ce ai na sa alif.

"Alif datti yake kwantarwa. Ba ya kashe cuta."

Aka sa ni a mota sai Tamale. Maigidana ya sa hannu a takardar aiki. Na ji tsoro, wallahi. Shahada nake ta yi har allura ta ɗauke ni.

Kwana biyar da roba a hanci, ba ci ba sha, auduga ake jiƙawa a goga mini a leɓe. Ɗinkin ya yi ruwa, ni kaina ina ƙyamar warina.

Ran kwana na takwas, sai ga mai shafin nan a ɗakinmu, waya a kan sanda, wai yana neman waɗanda ambaliya ta shafa. Bai san ni ba.

"Hajiya, ɗan buɗe cikin, mutane su gani."

Na ce, "Ruwan bokitin nan, ka haɗiye shi kuwa?"

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ai bidiyo ne."

Sai na yi amai a kwano. Nas ta kore shi. Ban taɓa jin ƙazantar mutum irin ta ranar ba.

Alhamdulillahi, yanzu ina shan koko, ina zagaya tsakar gida. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Azumi da ta bar kasuwarta ta yi jinyata, da ku da kuka yi ta addu'a.

Don Allah, in ruwa ya ci gari, ku tafasa ruwan sha, ko da ƙyauren ɗaki za ku ƙona. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ku je a auna jini. Kuma duk mai ba ku shawara a waya, ku duba ko ya faɗi wanda ya tambaya.

Likita ya ce ba ni ba ɗaukar kwandon kifi sai bayan wata shida. Mai shafin nan kuwa jiya ya saka sabon bidiyo, mutane na ta sa masa albarka.