Inda Ottmar Yake Jan Birki

Ottmar Zielke ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana tuƙa ɗan jirgin ƙasa mai tarago biyu a layin da ya ratsa kwarinmu, ni kuma ina bayansa ina duba tikiti. Da aka rufe layin aka warwatsa mu, kowa ya ƙarasa aikinsa a inda aka jefa shi, muka yi ritaya. Sai ga mu a gida ɗaya, shi a bene ni a ƙasa. Na ɗauka na rabu da mutumin nan da taurin kansa, ashe Allah ya ajiye mini shi a matsayin maƙwabci.

Ottmar ba kyakkyawa ba ne, ba shi da baki, kuma bai iya rawa ba, matarsa marigayiya Hannelore ta sha faɗin haka a gabansa. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, wato tsayar da jirgi. Yakan shigo tasha ya tsaya ƙofar tarago ta daidaita da bencin da tsofaffi suke zama, kofin da ke hannun fasinja ko girgiza ba ya yi. Kuma ba allon gefen hanya yake kallo ba. Direbobin ƙananan layuka kowa da alamominsa, nasa kuwa kafin tashar Osterlah wata bishiyar tuffa ce a bakin shingen wani manomi. In ta gifta tagarsa sai ya ɗan ja birki, in rumbun ciyawa mai jan rufi ya ɓullo ya ƙara, daga nan jirgi ya silalo da kansa. Ya taɓa zuwa har gida ya roƙi manomin kada ya sare bishiyar. Manomin ya ɗauka mahaukaci ne, ya ba shi tuffa cikin kwando don ya tafi.

Bayan rasuwar Hannelore, 'yarsa Silke ta sa masa wasan tuƙa jirgin ƙasa a kwamfuta, ta haɗa masa da wani ɗan akwati mai hannun wuta da hannun birki. Ita tana aikin kwamfuta ne a birni, kuma ta yi haka don ya samu abin rage kewa. Shi kuwa ya ɗauka an mayar da shi bakin aiki. Da safe zai yi aski, ya sa hularsa ta aiki, ya cika flas da kofi, ya zauna. Idan jirginsa yana tafiya ba ya amsa waya, ba ya buɗe ƙofa. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofarsa da tukunyar miyar dankali har ta huce.

"Ottmar, buɗe mana, hannuna ya gaji!"

"Direba ba ya barin kujerarsa. Jira na isa tasha."

"Wace tashar, tsohon banza? A falonka kake, da silifas!"

"Fasinja ta daina damun direba, don Allah."

Abin da ke ci masa rai shi ne duk layukan da ke cikin wasan na wasu ne. Tilas ya bar lambobin taimako a kan allo suna gaya masa nisan tasha, kamar ɗan koyo. Yakan ce wannan ba tuƙi ba ne, karatu ne.

A kakar bara abin ya fara. Ya fita da mota sayen burodi, sai aka same shi a bakin tsohon loko inda muke ajiye jirgi, wurin da yanzu ya zama shagon sayar da tayil, yana zaune yana kallon ƙofa. Bayan nan ya goga motar a shingen coci. Silke ta zo ta ce ya ba ta mabuɗin motar. To, a ƙauyenmu mutumin da ba shi da mota ya zama kayan ɗaki. Jirgi babu, mu muka raka na ƙarshe. Bas tana zuwa da safe ta koma da yamma, in ta ga dama. Kabarin Hannelore kuma yana can bayan tudu, kuma kowace Asabar sai ya je ya ba furanni ruwa. Mabuɗin nan shi ne ƙafarsa, kuma shi ne shaidar cewa kansa yana nan daidai.

Ana cikin wannan ja-in-ja kamfanin wasan ya ce zai fito da sabon salo, kuma a ciki har da layinmu, an zana shi daga tsofaffin hotuna, gida-gida, bishiya-bishiya. A ƙasan sanarwar sun ƙara da cewa masu tsohuwar kwamfuta su rage buri, wai mai yiwuwa a wasu lokuta su ɗan ga hoton yana jinkiri. Ni da na yi shekaru ina gaya wa fasinjoji cewa za mu ɗan tsaya na 'yan mintoci alhali na san inji ya mutu, na gane yaren nan tun daga layin farko. Na ce masa, "Wannan 'mai yiwuwa' da kake gani, irin nawa ne. Kwamfutarka ba za ta ɗauka ba."

"Kwamfutata ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Ta girmi motarka fa."

"Ke ma kin girme ta, ga ki kina ta zuba."

Ranar Lahadi muna shan kofi da kek, Silke ta sake tayar da maganar mabuɗi. Sai ya buga tebur. Ya ce in layin ya fito ta zo ta zauna ta kalla, zai kashe duk lambobin taimako, ya tuƙo daga farkon layi ya tsaya a Osterlah daidai benci. In ya yi, ta bar maganar mabuɗi. In ya kasa, da hannunsa zai miƙa mata.

"Baba, wasa ne fa, ba likita ba," in ji ta.

"Likitan me ya sani? Ya taɓa tsayar da jirgi a gangara da ruwan sama? Inna Traudel ɗinki ce shaida."

Ni ce Traudel, kuma ban so shaidar nan ba, amma bakina cike yake da kek.

Da sabon salon ya fito, sai da kwamfutar ta wuni tana saukar da shi. Da ya kunna, fankar cikinta ta ɗauki kuka irin na injin niƙa, akwatin ya yi zafin da za a iya ɗumama miya a kai. Hoton kuwa ba tafiya yake ba, tsalle yake yi. Yanzu kana gaban gada, ka ƙifta ido ka ga ta bayanka. Bishiyar tuffar ma sai da jirgi ya wuce wurinta sannan ta ɓullo, kamar fasinjan da ya makara.

Silke ta ce akwai dabara, a rage wa kwamfutar kaya. Ta cire inuwa, ba ta isa ba. Ta cire ciyawa da gajimare. Ta cire mutanen da ke jira a tasha, Ottmar ya ce haka gwamnati ma ta yi kafin ta rufe layin. A ƙarshe ta cire bishiyoyi da rumbuna. Jirgi ya tafi sumul, amma kwarinmu ya zama fili fetal, kamar kan Ottmar in ya cire hula. Ya tuƙo, ya shigo Osterlah a guje, ya wuce tashar, sai can gaba ya tsaya.

"To ina bishiyata?" ya ce yana ware hannu. "Kin sare bishiya, kin rushe rumbu, kin ce in tsaya. A ina? Ko Hannelore ce aka kwashe mata kicin ba za ta dafa komai ba."

Silke yarinya ce mai gaskiya, abin da ya hana ta arziki ke nan. Ta ce lalle wannan ba gwaji ba ne, a bar maganar tukuna. Mabuɗi ya zauna a aljihunsa.

Ban taɓa ganin Ottmar cikin nishaɗi irin na makonnin da suka biyo baya ba. Ya shiga dandalin intanet inda tsofaffi irinsa suke taruwa suna zagin kamfanin, nan da nan ya zama babba a cikinsu. Kullum sai ya sauko ya ba ni labari: wai wani daga arewa kwamfutarsa ta mutu a tsakiyar rami, wai kamfanin ya sake cewa a yi haƙuri gyara yana tafe. Yana zagi yana murmushi. Da bishiyoyi hoton yana tsalle, in babu bishiyoyi kuma babu alama, ko ta ina ka bi laifin ba nasa ba ne. Abu ɗaya na lura da shi: mutumin da yake kwana yana tashi da zancen kwamfuta bai taɓa cewa yana son sabuwa ba. Da na ce masa ɗan maƙwabtanmu yana sayar da tasa, sai ya ce ruwan sama zai sauko, ya tashi ya hau bene.

Na so in ja Silke gefe in gaya mata ta bar abin haka. Amma me zan ce? Ta bar ubanta yana tuƙa mota a kan titin da yara suke bi zuwa makaranta? Na bar maganar, kuma har yau ban san abin da ya fi ba.

Ranar zagayowar haihuwarsa Silke ta iso da ƙaton kwali. Baƙar kwamfuta ce mai gilashi a gefe, fitilu suna canja launi a cikinta kamar wurin rawa. Ta yi ta murna tana haɗa wayoyi, tana bayanin wani abu a ciki da ke zana hoto, wai ya ninka na tsohuwar ban san sau nawa ba.

"Baba, yanzu har ganyen bishiyarka za ka ƙirga!"

"Kai, Silke, ai da ba ki wahalar da kanki ba," ya ce. Mutane sukan faɗi haka in an ba su kyauta, amma shi da gaske yake.

Bai gudu ba, wannan kam sai a yaba masa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa, ya zauna, ya kashe lambobin taimako da hannunsa.

Wallahi sai da hawaye suka zo mini. Kwarinmu ne sak. Ga rafi yana ƙyalli, ga shanu, ga gidan mai gadin mararraba da wanki a kan igiya. Ƙarar ƙafar jirgi a kan gada ma irin wadda na sani ce. Ottmar yana ta nuna mana abubuwa, ga inda dusar ƙanƙara ta taɓa tare mu, ga inda akuya ta shiga tarago. Muka zagayo kwana, bishiyar tuffa ta taho a hankali da jajayen 'ya'yanta, ta gifta taga. Hannunsa yana kan birki bai motsa ba. Rumbu mai jan rufi ya ɓullo, ya kalle shi ya ce, "A'a, ka ga rumbun nan!" cikin murna, kamar ya haɗu da tsohon aboki. Sai da bencin tasha ya bayyana sannan ya zabura ya ja birki gaba ɗaya. Muka wuce Osterlah, mutanen da aka zana a kan dandamali suna bin mu da kallo.

"Hira ce ta ɗauke maka hankali," na ce. "Mu muka dame ka. Sake."

Ya sake daga farko, wannan karon ba wanda ya yi tari. Ya sunkuyo yana kallon allo, gumi a wuyansa. Tun kafin kwanar ya ga wata bishiya, ya ja birki. Jirgin ya silalo a hankali, lafiya lau, irin tsayuwarsa ta da da kofi ba ya girgiza, ya tsaya a tsakiyar makiyaya. Tasha ko alamarta babu. Wata saniya ta ɗago kai ta dube mu.

Sabuwar kwamfutar ko numfashi ba ta yi, babu wata ƙara da mutum zai fake a bayanta.

Tsohon halina na aiki ya motsa. Na ce, "Rana ce ta hasko allon, ni ma ban ga komai ba."

"Traudel, ajiye sanarwarki, ba fasinja a nan."

Silke ta durƙusa kusa da kujerarsa. "Baba, ƙila masu zanen ne suka sa bishiyar ba a wurinta ba. Daga hoto fa suka yi. Zan rubuta musu."

Ya saki birki, jirgin ya gangara har bishiyar ta zo daidai taga, ya tsayar. Ya daɗe yana kallonta.

"Kada ki rubuta. Nan take, daidai wurinta. Sun yi aiki mai kyau, 'yan banza."

Ya cire hula ya ajiye, ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin motar, ya ɗora shi a gefen farantin kek. Silke ba ta taɓa shi ba, kuka take yi. Ni kuwa haushi ne ya kama ni, haushin kamfanin, da kwamfutar, da yarinyar da ta tara kuɗinta don ta faranta wa ubanta rai, da ni kaina da na zauna ina shaida.

Shi ya fara magana. Ya ce ranar Asabar sai ta riƙa zuwa ta kai shi wurin uwarta, in ba ta samu dama ba ya hau bas. Sannan ya nuna tsohuwar kwamfutar da aka ture kusa da ƙofa, wayoyinta a naɗe a kanta.

"Kafin ki tafi, ki mayar mini da waccan."

"Baba, ai wannan ta fi ta nesa ba kusa ba. Komai tana nunawa."

"Na gani," ya ce. "Shi ya sa."